Konrod mai dunƙulallen kai: kariya ga injin Cox

Masu tseren ƙananan motoci da jiragen wasa na yau sun cika raina injin Cox na Amurka. Wai konrod ɗinsa, sandar nan da ke haɗa fistan da karanshaf, aikin araha ne na kayan wasan yara. Ban yarda ba.

Leroy Cox ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya, a 1961 kuma aka fitar da jerin Tee Dee da Bill Atwood ya tsara. Samfurin .049, mai girman cc 0.8 kacal, yana haura juyi 20,000 a minti. Ke nan fistan na tsayawa ya koma baya fiye da sau 600 a daƙiƙa ɗaya.

A nan lissafin yake. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke fizgar konrod ninki huɗu yake yi, don haka duk ɗan nauyin da ke saman sandar bashi ne. Sauran maƙera sukan huda fistan gefe da gefe su zura fil, su sa ƙananan zobba su tare shi. Cox bai huda komai ba. Sandar ƙarfe ce siririya mai dunƙulallen kai, ta shige wani gurbi a cikin fistan, aka danne bakin gurbin ya rungume ta kamar gaɓar kafaɗa. Babu fil ɗin da zai zame ya karci silinda, babu zoben da zai ɓalle. Abin da ya fi burge ni shi ne fistan na iya kewayawa a kan dunƙulen yayin aiki, sai cin da yake yi ya rarrabu ko'ina, maimakon ya tattaru gefe guda.

Masu suka sukan ce gurbin na yin sako-sako. Gaskiya ne. Amma kamfanin ya tanadi ɗan ƙarfen dannewa: a kifa fistan, a ɗan buga da guduma, wasan ya ɓace. Konrod na alminiyam kuwa, ko 7075 mai tutiya ne ko 2024 mai jan ƙarfe, in ya gaji ba ya shawara, katsewa yake ya fasa cikin injin. Shi ya sa masu tsere ke sauya shi tun bai nuna alama ba. Taitaniyam da ake ta kururutawa shi ma sai an sa masa bushin tagulla, domin yana cizon ƙarfen da yake gogawa.

Ni a ganina gardamar ƙarfe ta sha kan maganar mai. Waɗannan injuna ba su da tankin baƙin mai. Abin da ke cikin cakuɗen metanol shi kaɗai ke shafa gaɓoɓin. Man zurma yana jure zafi, yana manne wa dunƙulen nan. Ina zargin yawancin masu zagin konrod ɗin Cox, in an bincika, man zamani zalla suka ɗura masa ba zurma ko ɗigo.