Gudawa, Haƙori da Maɗiga: Sharhi a kan Hausar Wayar da Kai game da Ciwon Cikin Jarirai

1.0 Gabatarwa

Tun daga tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Nijeriya, daga 1985 zuwa 1992, aka shiga yekuwa gadan-gadan a kan gudawar yara da ruwan gishiri da sukari. Wannan yekuwa ta haifar da wani nau'in rubutu da zance cikin Hausa: fastocin da ake liƙawa a bangon asibiti, da ƙananan ƙasidu, da sanarwar rediyo, da jawabin da ma'aikatan jinya kan yi wa mata ranar awo. Manazarta harshe ba su cika waiwayar irin wannan aiki ba, domin ba waƙa ba ne, ba kuma ƙagaggen labari ba. Amma kuwa ya cancanci a yi masa tarke, saboda kuskuren kalma a cikinsa yana iya zama sanadin rai.

Manufar wannan maƙala ita ce a auna Hausar wannan saƙo. Abin da za a nuna shi ne, saƙon ingantacce ne ta fuskar likitanci, sai dai an tsara shi cikin wani harshe aka juyo shi, ba tare da an dubi yadda uwa Bahaushiya take rarrabe ciwon cikin ɗanta ba.

2.0 Abin da saƙon ya ƙunsa

Abin da ke kashe jariri mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Binciken shekarun 1960 ya tabbatar da cewa hanji yana tsotse gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su, ko da ana cikin gudawar. A 1971 wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da wannan haɗi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, inda kwalara ta ɓarke, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A 1980 an ƙiyasta gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 4.6 a duniya kowace shekara. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarun baya-bayan nan ba ta kai rabin miliyan ba. A 2004 hukumar, tare da UNICEF, ta ƙara ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14 a kan ruwan. Saboda haka babu ja a kan ingancin abin da ake son isarwa. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

3.0 Kalmomin saƙon

3.1 Gudawa

Kalmar da aka fi ɗora saƙon a kanta ita ce "gudawa", wani lokaci "zawo". Ita gudawa 'yar'uwar "gudun dawa" ce, watau sakaya ce ta manya masu rugawa bayan gari. A bakin likita kalmar tana da iyaka: kashi mai ruwa sau 3 ko fiye a yini. Ga uwa kuwa, kashin jariri mai shan nono dama can ruwa-ruwa ne, yana kuma yi sau da yawa, kuma wannan lafiya ce, kamar yadda su likitocin ma suka yarda. To, a ina lafiya ta ƙare, ciwo ya soma? Galibin fastoci ba su amsa wannan tambaya ba. Sun ambaci sunan ciwon, suka wuce zuwa magani.

Abin mamaki shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba. Ta raba "tumbiɗi" da "amai". Tumbiɗi shi ne ɗan nonon da ke dawowa bayan jariri ya ƙoshi, saboda bakin tumbinsa bai gama ƙwari ba, kuma yakan daina kafin shekara ko wajen haka. Amai kuwa da yunƙuri yake zuwa. Haka kuma ta raba gudawa da "atuni", mai tafe da jini da majina, wanda likitanci ya ce ruwan gishiri da sukari kaɗai bai isar masa ba, sai an je asibiti. Mai fassarar da ya tattara waɗannan duka ƙarƙashin "amai da gudawa" ya zubar da abin da harshen ya riga ya tanada.

3.2 Haƙori da shan ciki

Mafi girman giɓi shi ne, Bahaushiya ta fi kiran ciwon da sunan sanadinsa. Idan yaro ɗan wata 7 yana zawo da zazzaɓi, tsofaffin gida za su ce, "Haƙori ne." Da zarar an faɗi haka, al'amarin ya fita daga sahun cuta, ya koma matakin girma, kamar zama da rarrafe, abin da sai an yi haƙuri ya wuce. Uwar da ta ji sanarwar gudawa a rediyo da safe ba za ta ɗauka da ita ake ba, domin ɗanta haƙori yake yi.

Lura da tsofaffi suka yi gaskiya ce, fassararta ce ta kauce. Haƙori yakan soma fitowa wajen wata 6, daidai lokacin da ake fara ba yaro koko da kunu, yana jan ciki a ƙasa, yana kai kome baki, kariyar da ya gado daga jikin uwa kuma tana raguwa. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga, musamman wadda ake kira rota, wadda Nijar ta sa rigakafinta cikin jerin na yara a 2014, Nijeriya kuma a 2022. Saƙon da zai yi tasiri dole ya kama sunan haƙori ƙarara, ya ce zawon haƙori ma yana ƙarar da ruwa. Shirun da aka yi ya bar fili ga masu sayar da "maganin haƙori". A ƙarshen 2008 wani irinsa mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya, har da waɗanda aka kwantar a Zariya.

Haka zancen yake ga "shan ciki". Idan mai goyo ta sami ciki, akan ce nononta ya ɓaci, a yaye yaron rana ɗaya, sau da yawa a kai shi wurin kaka. Gudawa da tamowar da ke biyo baya sai su zama shaida cewa lalle ya sha ciki, alhali yayen gaggawa ne da sauyin abinci suka kawo su. Ciki yana iya rage yawan nono, amma ba ya mai da shi guba. Kunya ta hana wannan batu shiga fasta, ga shi kuwa yana cikin zancen kowane gida.

3.3 Maɗiga da rashin ruwa

Don a fassara abin da ke kisa, an ƙirƙiro "rashin ruwa a jiki" ko "bushewar jiki". Jimlolin ba su saɓa wa nahawu ba, amma ba su nuna wa ido kome ba. Uwa ba ta ganin rashin ruwa. Abin da take gani shi ne maɗigar ɗanta ta faɗa, idanu sun zurma, fitsari ya ragu, ya kasa kama nono. A al'ada faɗawar maɗiga ciwo ne mai zaman kansa, ana haɗa masa magani a shafa a ka. An bar jaki ana dukan taiki, domin maɗiga alama ce ta ruwan da ke fita ta ƙasa. Da saƙon ya fara daga maɗiga, wadda kowace ungozoma ta sani, sa'an nan ya ja hankali zuwa ga ruwa, da ya sami gindin zama.

3.4 Magani

Kiran ruwan gishiri da sukari "maganin gudawa" alkawari ne da ruwan ba zai cika ba. A Hausa magani shi ne abin da ke yanke ciwo. Shi kuwa wannan ruwa mayar da abin da ya fita yake yi, har cutar ta gama kwanakinta. Uwa ta ba da shi yini guda, zawo bai tsaya ba, sai ta yanke hukunci bai karɓe shi ba, ta nufi kyamis neman kafso. Alhali akwai lafazin da jama'a suka riga suka sani, suke kuma girmamawa, watau "ƙarin ruwa" na asibiti. Ba wanda ke jiran ƙarin ruwa ya tsayar da zawo, an san farfaɗo da majinyaci yake yi. "Ƙarin ruwa ta baki" ya fi kusa da gaskiyar aikin, ya kuma ara masa martabar da gishiri da sukarin kicin ba su da ita.

Ma'aunin ma bai tsira ba. Haɗin da aka yaɗa a Nijeriya a shekarun 1980 ya ce ƙaramin cokali 1 na gishiri da 10 na sukari cikin ruwa cikin kwalbar giya 1 ko kwalaben lemo 2. Kwalbar giya ba kayan ɗakin matar aure ba ce a Kano ko Katsina, cokula kuma ba girmansu ɗaya ba, gishirin da ya yi yawa kuwa haɗari ne ga jariri. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi ƙarfafa ƙunshin da aka riga aka auna.

3.5 Nono zalla

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar a shayar da jariri nono kaɗai har wata 6. Aka fassara da "nono zalla". Sai dai a tunanin Bahaushe ruwa ba abinci ba ne, don haka wadda ke ba da nono da ruwa tana iya rantsewa zalla take bayarwa. Bugu da ƙari jariri baƙo ne, baƙo kuwa da ruwa ake tarbarsa, hana shi ruwa a zafin bazara rashin imani ne a idon kaka. Ga kuma dauri, wanda ake ɗura masa don ya yi ƙarfi, shi ma ba a lissafa shi cikin abinci. Hujjar da za ta amsa wa kaka ita ce kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, watau baƙon ya riga ya sha. Inda aka ce "ko ruwa" a fili, aka kuma kawo wannan dalili, an gyara. Inda aka tsaya ga "zalla", kowa ya ji abin da yake so.

4.0 Rabon manazarta

Ba masu fassara kaɗai ke da laifi ba. Kayan aikin sun daɗe a ajiye. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen cututtuka. Littafin Mary Smith a kan rayuwar Baba ta Karo, na 1954, ya kawo bayanin haihuwa da jego da yaye daga bakin mace. Lewis Wall ya wallafa nazarinsa na maganin Hausawa a yankin Malumfashi a 1988. Kundayen digiri a sassan Hausa na jami'o'i sun tattara al'adun goyo masu yawa. Amma yawancin kundayen jerantawa suke yi: ga suna, ga yadda ake yi, ga tsiron da ake jiƙawa. Ba safai suke tambayar abin da kalmar ke sa uwa ta aikata ko ta bari ba. Likita yana ganin al'adar a matsayin jahilci, manazarci yana ganinta a matsayin gado abin adanawa, duka biyu ba su zauna sun auna ta ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa rauni ɗaya ne ya ratsa kalmomin nan duka: an fassara sunan da likita ya ba ciwo, an bar sunan da uwa ta ba shi. Gyaran ba ya bukatar ƙirƙirar sababbin kalmomi masu nauyi. Yana bukatar mai rubuta saƙo ya ambaci haƙori da shan ciki da maɗiga da dauri da sunayensu, ya tabbatar da abin da tsofaffi suka gani daidai, ya gyara inda suka fassara shi ba daidai ba. Yana kuma bukatar a gwada kowace jimla a kunnen kaka da ungozoma kafin a buga ta, tun da a gidaje da yawa su ne masu yanke shawarar abin da za a ba jariri. Wannan aiki ne na masana harshe tare da ma'aikatan lafiya, kuma sassan Hausa suna da ɗalibai da kayan aikin da za su iya fara shi.