Shaida da Tazkiya: Nazari kan Rahoton Ɓaraka a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Akwai wani nau'in rubutu da ba a koyar da shi a ajin insha'i, ba a kuma sa masa gasa, amma tsaron wayoyin da ke hannun mutanen Kankiya da Kusada ya rataya a wuyansa. Shi ne rahoton da mutum ke rubutawa idan ya ga ɓaraka a wata manhaja, ya aika wa masu kula da ita. Sau da yawa bai cika shafi ɗaya ba. Ba shi da doguwar gaisuwa, ba shi da ado, marubucinsa ma ba a cika sanin fuskarsa ba. Duk da haka yana da ƙa'idoji da ladubba, yana da gwanaye, yana kuma da masu ɓata shi.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar asalin rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara. Mutum na iya shekara da shekaru a Kankiya bai taɓa jin wannan suna ba, alhali yana cikinta tsundum. Android ɗin da ke cikin Tecno da Itel a kan Linux aka gina ta. Saƙon murya da uwa ke aika wa ɗanta mai ci-rani a Legas ta WhatsApp, tsarin kulle saƙo na Signal ne ke tsare shi tun 2016, kuma wannan tsari a buɗe yake ko da yake ita WhatsApp ɗin a rufe take. Alƙaluman haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro da asibitoci ke tattarawa duk wata, a DHIS2 suke ƙarewa, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta. Ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da zai riƙe bayanan asibiti, da wuya ya gama aiki bai haɗu da ita ba. Haka SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan Ebolar 2014 aka gwada ta a Kano da Oyo a 2015, tana ɗauke da sunayen marasa lafiya da inda suke zaune. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta tsage, asirin mutanenmu ne ke zuba.

To yaya rahoton yake? A ɗauki misali. Ma'aikaciyar lafiya ta lura da wani abu a manhajar da take shigar da bayanai, sai ta rubuta: "Manhajarku ba ta da tsaro, don Allah a gyara." Gaskiya ta faɗa, amma ba abin da wani zai iya yi da ita. Wata kuwa ta rubuta haka: "Waya kaza, mai Android 11, manhaja siga kaza. Na shiga da sunana, na buɗe bayanan majinyaci, na danna fita. Na kashe data, na sake buɗewa. Bayanan suna nan a allo, ba a nemi kalmar sirri ba. Na maimaita a wata wayar, haka aka sake yi. Mu huɗu muke amfani da na'ura ɗaya." Wannan ta biyun ta ba mai gyara hanyar da zai bi da hannunsa ya ga abin da ta gani, ta kuma gaya masa dalilin da ya sa abin yake da haɗari a wurinta.

Abin da ya fi kama da wannan rubutu a wurinmu shi ne shaida a gaban alƙali. Alƙali bai halarci abin da ya faru ba, ba ya kuma karɓar "na ji an ce". Yana so mai shaida ya raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta raya masa. Mafi yawan rahotannin da ake watsi da su a nan suke faɗuwa: mutum ya ga abu ɗaya, ya kawo labarin abu goma.

Wanda ya nuna gwanintar wannan fanni a 'yan shekarun nan shi ne Andres Freund, injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft. Yana gwajin wani aikinsa daban a kan Debian, wani nau'in Linux, sai ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, kuma na'urar na wahala ba gaira ba dalili. Rabin daƙiƙa! Mutum nawa ne za su tsaya a kan wannan? Shi ya tsaya, ya bi sawu har ya iske ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. A ranar 29 ga Maris 2024 ya fitar da rahotonsa. Abin da ya fi burge ni a cikinsa ba girman abin da ya gano ba ne, yadda ya tsaya iyakar saninsa ne. Ya jera abin da ya gani, ya ambaci sigogin da abin ya shafa, 5.6.0 da 5.6.1, ya faɗa a fili cewa shi ba mai binciken tsaro ba ne, ya nuna wuraren da bai kai ga tantancewa ba. Saboda bai cika baki ba, masana suka ɗora daga inda ya tsaya a ranar.

Rahoton tsaro ya bambanta da na sauran kurakurai a abu ɗaya babba: ba a fara shi a bainar jama'a. Idan maɓalli ya ƙi dannuwa, kowa na iya sani. Idan kuwa hanyar satar kalmar sirri ce, duk wanda ya karanta kafin a gyara ya samu makami. Shi ya sa manyan ayyuka ke ware adireshi na musamman don irin wannan saƙo, a yi maganar a asirce, a shirya faci, sannan a sanar, a ba ɓarakar lamba a rajistar CVE wadda ake riƙe da ita tun 1999. Rukunin Project Zero na Google, da aka kafa a 2014, ya shahara da ba da wa'adin kwana 90: a gyara ko ba a gyara ba, za su fallasa. Ina ganin hikimar wa'adin, domin an sha ganin kamfanoni sun zauna a kan rahoto har sai an yi ɓarna. Amma wa'adin da ya dace da kamfani mai dubban ma'aikata, nauyi ne a kan mutum ɗaya da ke kula da manhaja da daddare bayan ya taso daga aiki, ba ko sisi. Wannan rashin daidaito har yau ba a warware shi ba.

Daga rahoto sai faci, wato gyaran da mutum ke rubutawa da kansa ya miƙa a duba. Tun 1997 Eric Raymond ya yaɗa ra'ayin cewa yawan masu dubawa na sa kowane kuskure ya fito fili. Ɓarakar da ake kira Heartbleed ta nuna iyakar wannan magana. A daren ƙarshe na 2011 aka shigar da wani ƙari a OpenSSL, manhajar da ke kulle hulɗa tsakanin mutum da shafukan intanet. Wani ɗalibin digiri na uku a Jamus ne ya rubuta, mutum ɗaya ya duba ya amince. Ƙarin na ba kwamfuta damar aika ɗan saƙo ta ce a maido mata shi, don ta tabbatar ɗaya ɓangaren yana nan. Sai dai ba a sa a auna ko tsawon da mai aikawa ya faɗa gaskiya ne ba. Mai kutse zai aika harafi ɗaya ya ce dubbai ne, ita kuwa sabar ta cike gurbin da duk abin da ke kusa a ƙwaƙwalwarta, har kilobait 64 a kowane karo, da kalmomin sirri da makullai. Sama da shekara biyu abin na nan a fili, kowa na iya karantawa, ba wanda ya kawo rahoto, sai a Afrilun 2014 da Neel Mehta na Google da kamfanin Codenomicon na Finlan suka gano. Shafuka kusan rabin miliyan abin ya shafa. A lokacin gudummawar da OpenSSL ke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. Barin rubutu a buɗe bai sa an karanta shi ba.

Wancan kuskure ne na mai kyakkyawar niyya. Na XZ kuwa da gangan ne, kuma shi ya taɓa jijiyar al'adar buɗaɗɗiyar manhaja. A fiƙihun Malikiyya, idan alƙali bai san mai shaida ba, yakan nemi tazkiya, wato waɗanda suka san shi su tabbatar da adalcinsa. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da maƙwabta da za a tambaya, sai ta mai da tarihin aikin mutum ya zama tazkiyarsa: ka kawo gyara mai kyau yau, ka kawo gobe, a hankali a ba ka makulli. Wanda ya kira kansa Jia Tan wannan tarihin ya ƙirƙira. Ya fara aika ƙananan gyare-gyare masu amfani a 2021. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa matsa wa Lasse Collin, mai kula da manhajar shi kaɗai, cewa ya yi sanyi, ya ba wani dama. Shi kuma ya faɗa da kansa cewa lafiyarsa ba ta ba shi yadda yake so. Da makullin ya shiga hannun Jia Tan, sai ya ɓoye mugun abin a cikin fayilolin gwaji, inda ba a cika leƙawa ba. Har yau ba a bayyana ko wane ne ba. Kafin wannan ma, a 2021, masu kula da Linux sun dakatar da karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota gaba ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun gwada shigar da faci mai lahani don su ga ko za a kama.

Wa ke biyan kuɗin wannan cin amana? Baƙo. Matashin da ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko a Katsina, ba wanda ya san shi, ya miƙa gyara, zai iske tambayoyi sun fi da yawa. Ban ga laifin masu tambayar ba. Abin da ya rage gare shi shi ne faci ƙarami, mai manufa ɗaya, wanda za a karanta a zama guda, da haƙurin karɓar gyara. Amsoshin can gajeru ne, babu "ina kwana" babu "yaya iyali", kuma ga wanda ya tashi a cikin gaisuwarmu suna iya yin kama da wulaƙanci. Yawanci ba shi ba ne, ƙarancin lokaci ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Lada ma ya kawo tasa matsalar. Da aka fara biyan kuɗi ga masu gano ɓaraka, sai wasu suka mai da rahoto caca. Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin, mai kula da manhajar curl, ya koka tun farkon 2024 kan rahotannin da ake sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta: turanci mai santsi, tsari kamar na gaske, ɓarakar kuwa babu ita. Kowane ɗaya na cinye awannin mutanen da ba su da su. A Janairun 2026 ya sanar da dakatar da biyan ladan. Ina so matasanmu da ke koyon tsaron intanet, a shirin 3MTT ko a wani wuri, su ji wannan da kyau, domin jarabar tana kusa: dala na da daraja, na'urar kuma na rubuta turancin da ya fi naka. Rahoton da ba ka gwada da hannunka ba shaidar zur ce, ko da ba ka yi nufin ƙarya ba.

Amma akwai abin da ɗan Kusada ke gani wanda injiniyan Oslo ko Balin ba zai gani daga kujerarsa ba. Shi yana tsara manhaja ne da zaton waya ɗaya mutum ɗaya, intanet ba ya yankewa, sabuntawa na zuwa da kansa. A nan waya kan yini a teburin mai caji a bakin tasha, allonta na haskawa duk saƙon da ya shigo, har da lambar da banki ya turo. Miji da mata da ƙane na iya raba na'ura ɗaya. Ta Xender ake tura manhaja daga waya zuwa waya, tsohuwar siga, wani lokaci ma wadda aka yi wa kwaskwarima ba a san hannun wa ta bi ba. Sabis kan ɗauke ana tsakiyar aikawa, kuma abin da manhaja ke yi da bayanan da suka maƙale a wannan lokaci tambaya ce ta tsaro. Me zai faru idan kalmar sirri na ɗauke da ƙ ko ɗ, aka rubuta ta a wata wayar da madanninta daban ne? Duk waɗannan ba sa bukatar mutum ya iya rubuta manhaja. Lura suke bukata, da iya faɗin abin da aka gani daki-daki cikin turanci mai sauƙi.

Sai a kiyaye iyaka ɗaya. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta hana kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba, kuma saurayi mai kwamfuta a jaka dama ana yi masa kallon ɗan Yahoo. Gwada ƙarfinka a kan sabar asibiti ko ta ma'aikata ba taimako ba ne. Falalar buɗaɗɗiyar manhaja ita ce ba ka bukatar hakan: sauke DHIS2 a kwamfutarka, zuba bayanan ƙarya, ka yi ta gwaji a ɗakinka.

A nan malaman jami'o'inmu da kwalejoji ke da abin yi. Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe na rubuta manhajar biyan albashi ko ta rajistar ɗalibai, a ɗaure ta a kundi, a ajiye a kanta, ba mai sake buɗewa. Da za a karɓi rahoto ɗaya da masu kula da wata manhajar gaske suka tabbatar, ko faci ɗaya da suka shigar, a matsayin aikin kammala karatu, da ɗalibi ya fita da abin da kowa a duniya zai iya dubawa da sunansa da kwanan wata a kai, malamin kuma ya samu mai duba aiki na waje da ba a biya shi ko kwabo ba.