Mungo Park Da Ƙwaryar Mutanen Ƙasa: Sharhi A Kan Littafin Tafiyarsa

'Yan makaranta, ko wanenku ya ji sunan Mungo Park a darasin labarin ƙasa. An gaya muku shi ne Baturen da ya zo neman Kwara, ya gan ta a Segu cikin 1796, ya kuma halaka cikinta a Busa cikin 1806. Waɗansunku ma sun karanta littafin Malam Nuhu Bamalli mai suna Mungo Park Mabuɗin Kwara, wanda ya fito cikin 1948. To, yau za mu duba littafin da shi Park ya rubuta da hannunsa, wanda aka buga a London cikin 1799, sunansa da Turanci Travels in the Interior Districts of Africa, watau tafiye-tafiye cikin tsakiyar ƙasashen Afirka. Za mu bar zancen kogi da duwatsu ga malaman taswira, mu tsaya a kan abu biyu da su ke cika shafofinsa tun daga farko har ƙarshe, watau ciwo da abinci. A nan ne ƙarfin littafin ya ke, a nan ne kuma za a ga gazawarsa.

Shi Park mutumin ƙasar Sikotilan ne, an haife shi cikin 1771, ya koyi aikin likita a Edinbara. Wata ƙungiya ta manyan Ingila masu son sanin Afirka, wadda aka kafa cikin 1788, ita ta aiko shi. Ya sauka Gambiya cikin watan Yuni 1795, ya zauna a wani gari Fisaniya wurin Likita Laidley yana koyon Mandinganci. Bai cika wata guda a can ba sai zazzaɓi ya kayar da shi. Ga yadda ya bayyana dalili: wai ya fita da dare kallon husufi, abin da mu ke kira zazzaɓin wata, sai raɓa ta dake shi. Ya sha jinya cikin Agusta, ya ɗan miƙe, ya fita cikin rana neman tsire-tsire, ciwo ya komo cikin Satumba ya sake kwantar da shi mako uku.

Ku lura da wannan wuri, gama a nan za ku koyi yadda a ke karatun tsohon littafi. Abin da Park ya gani da idonsa, ko ya ji a jikinsa, ya faɗe shi daidai: damina ce, ga zafi, ga kukan kwaɗi dare duka, ga zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Amma dalilin da ya bayar kuskure ne, ko da ya ke shi likita ne, domin a zamaninsa ba wanda ya san asalin wannan cuta. Sai cikin 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin mutum, cikin 1897 kuma Ronald Ross ya same ta cikin sauro a ƙasar Indiya. Saboda haka mai karatu ya karɓi shaidar marubuci a kan abin da ya faru, amma ya auna bayaninsa da ilmin da aka samu bayansa. Wanda ya yi wa Park dariya a kan raɓa, ya tuna shekara ɗari ke tsakaninsa da Ross.

Da jiki ya yi ƙwari, sai ya kama hanya ran 2 ga Disamba 1795, da doki ɗaya da jaki biyu, da tafinta mai suna Johnson, da wani yaro Demba. Guzurin da ya ɗauka bai wuce na kwana biyu ba. Daga nan har ya komo, abin da mutanen ƙasa ke ci shi ya ke ci, kuma wannan ne ya sa littafin ya yi daɗin karatu. Hausawa kan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Park ya ɗaura tasa ba tare da yatsina ba. Ya ci kuskus, wanda ya yi kama da burabuskonmu. Ya ɗanɗana wata gurasa da a ke yi da garin magarya, ya yabe ta. Ya ga yadda mata ke fid da man kaɗanya, ya shaida cewa ya kan shekara bai lalace ba ko ba gishiri, har ya fifita shi a kan man shanun ƙasarsu. Ya ga mayunwata suna shan garin ɗorawa. Masanan itatuwa sun saka masa da wannan lura, gama sunan da a ke kiran ɗorawa da shi cikin littattafansu, watau Parkia, daga sunansa aka ɗauko shi.

Akwai kuma wani wuri da ya yi zancen gishiri, wanda ya cancanci a karanta shi sau biyu. Ya ce a ƙasashen ciki gishiri ya yi tsada har a kan gane mai arziki da cinsa, ya ga yara na tsotsar dunƙulen gishiri kamar alewa, shi kansa kuma kwaɗayinsa ya dame shi ƙwarai bayan ya daɗe yana cin hatsi lami. Marubuci mai girman kai da ya ɓoye wannan. Park ya faɗa, kuma da irin waɗannan ƙananan gaskiya ne mai karatu ya ke amincewa da shi a kan manya.

Wahalarsa mafi tsanani ita ce wadda ya sha a hannun Ali, sarkin Larabawan rairayi na ƙasar Ludamar, wanda ya tsare shi tun daga Maris 1796 har ya tsere a farkon Yuli. Ran da aka kai shi sansanin, sai aka jawo gursunun daji aka ce ya yanka ya ci, don a wulakanta shi a kan shi Kirista ne. Ya gane tarkon, ya ce shi ba ya cin irin wannan nama. Duk da haka aka ɗaure dabbar a bakin bukkarsa yara na tsokana. Watan azumi ne, ba ya samun abinci sai tsakar dare a kawo kuskus da ruwa da gishiri. Zazzaɓi ya sake kama shi. Wata rana ƙishirwa ta kai shi bakin rijiya, mai jan ruwa ya ƙi ba shi a guga, ya zuba masa a kwamin shanu, ya durƙusa ya sha tare da su. Duk wannan ya rubuta shi da gajerun kalmomi, ba kuka ba kururuwa, shi ya sa ya ke shiga zuciya.

Amma a nan ne kuma na ke ganin aibin farko. Zafin abin da Ali da mutanensa suka yi masa ya sa ya yi wa kabilar duka kuɗin goro, ya siffanta su da mugunta kamar ba na kirki ko ɗaya a cikinsu. Mutum mai yunwa da zazzaɓi, wanda ke tsare cikin bukka, shaida ne mai ƙarfi a kan masu tsaronsa, amma ba zai yi alƙalin al'umma guda ba. Littafin da kansa ya nuna addini ba shi ne sanadin muguntar ba, gama malamin makarantar allo na Kamaliya, wanda ya riƙe shi da mutunci daga baya, Musulmi ne.

Wurin da ya fi shahara cikin littafin duka shi ne na daren Segu. Park ya ga Kwara tana gangarawa gabas, ya yi murna, amma Sarki Mansong ya ƙi yarda ya ƙetare ya gan shi. Ya tafi wani ƙauye, kowa ya rufe masa ƙofa don tsoro. Ya wuni gindin itace ba ci, ga hadari ya taso, ga namun daji. Sai wata mace mai dawowa daga gona ta gan shi, ta ɗauki sirdinsa da linzami ta ce ya biyo ta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta samo kifi ta gasa masa, sa'an nan ita da 'yan matan gidan suka kwana kaɗi suna waƙar tausayin baƙon da ba shi da uwa ko mata a kusa. Da safe ba shi da abin ba ta sai maɓallin tagulla biyu daga cikin huɗun da suka rage a rigarsa. Bayan haka Mansong ya aiko masa da wuri 5,000. Park ya ce wuri 100 kan ishe shi da dokinsa abincin yini, kun ga ke nan sarkin da ya ƙi ganinsa ya ba shi guzurin kwana 50.

Ga tambayar da ya kamata ɗan makaranta ya yi: ina sunan wannan mace? Babu shi cikin littafin. Sunan sarakunan da suka ƙwace masa kaya yana nan, har da kwanan wata, amma wadda ta ciyar da shi ta wuce ba suna. Park ya yabi matan Afirka yabo mai kyau, ya shaida bai taɓa ganin taurin zuciya daga gare su ba, kuma ba a raina masa wannan. Duk da haka rashin sunan aibi ne na biyu, irin wanda za ku riƙa tararwa cikin littattafan matafiya na wancan zamani.

Daga Silla ya juyo, damina ta yi ƙarfi, dokinsa ya gaza, 'yan fashi suka tuɓe shi. A Kulikoro sai da ya rubuta wa mai masaukinsa allo, mutumin ya wanke ya shanye, kana ya sami tuwon shinkafa. A Wonda ya kwanta zazzaɓi kwana tara yana ɓoye ciwonsa don kada a kore shi, ga yunwa a ƙasar har ya ga uwa ta sayar da ɗanta a kan abincin kwana 40. Cikin Satumba 1796 ya iso Kamaliya, ya rame, ya yi fari fat, tufafi sun zama tsumma. Wani falke mai suna Karfa Taura ya karɓe shi. Abin da Karfa ya fara tambaya shi ne ko zai iya cin abincin ƙasar, gama shi bai taɓa saukar da Bature ba. Ya ba shi ɗaki da tabarma da tulun ruwa da 'yar ƙwarya, ya sa a riƙa kai masa abinci sau biyu a yini daga gidansa. Mako biyar zazzaɓi na jijjiga shi, Karfa na zuwa gaishe shi kullum. Ya kuma hana shi tafiya, ya ce sai rani, sai koguna sun janye. Ba da wani magani Park ya warke ba. Hutu, da abinci a kan kari, da wucewar damina, su ne suka tashe shi, ya zauna wata bakwai, suka tashi cikin Afrilu 1797, ya isa Fisaniya cikin Yuni.

Sai dai kada ku manta ko wane ne Karfa. Fataucin bayi ya ke yi, kuma ladan da suka shirya da Park kuɗin bawa guda ne lafiyayye. Ayarin da ya kai Park gida shi ne ya kai waɗansu bakin teku cikin igiya. A hanya wata baiwa Neali ta ƙi cin abinci, ƙudan zuma suka harbe ta, ta kasa tafiya, aka yashe ta a daji. Park ya rubuta wannan bai rage kome ba, ya kuma shaida cewa bayin nan, duk da nasu baƙin ciki, su kan kawo masa ruwa su tara masa ganyen kwanciya. Amma da ya zo babin da ya yi zancen bauta, sai harshensa ya yi sanyi, bai fito ya la'anci cinikin ba. Wanda ya taimake shi shirya littafin, Bryan Edwards, mai gonaki ne a tsibirin Jamaika, mai goyon bayan cinikin bayi. Wannan shi ne aibi na uku, kuma ya fi sauran nauyi. Zazzaɓin Bature ya sami ɗaki da tulun ruwa, ciwon Neali kuwa ya sami bulala.

Abin mamaki, darasin da littafin ke koyarwa, mai littafin bai riƙe shi ba. Cikin 1805 ya komo da Turawa sama da 40, yawancinsu soja, ya kama hanya damina na bisa kai, abin da Karfa ya hana shi. Zazzaɓi da atuni suka dinga ɗauke su ɗaya ɗaya. Da suka isa Kwara a Bamako cikin Agusta, 11 kaɗai ke da rai. Da za su bar Sansandi cikin Nuwamba saura 5, surukinsa Anderson ma ya rasu. Shi kansa Park ya sha wani magani mai zaiba don atuni har bakinsa ya kumbura. Sauri ya haifi nawa. Kwini kuwa, wanda aka tace daga ɓawon itacen sinkona cikin 1820, sai cikin 1854 ya nuna ƙarfinsa a ruwayenmu, sa'ad da Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgi yana ba mutanensa kullum, ya komo ba wanda zazzaɓi ya kashe.

To, mene ne hukuncinmu? Littafi ne na gaskiya a kan abin da ido ya gani da abin da ciki ya ji, mai sauƙin harshe, wanda ba ya mai da marubucinsa gwarzo. Yana da rauni wajen dalilan cuta, da wajen hukunta kabila, da wajen bauta. A karanta shi, amma da ido buɗe. Da yawa cikinku za su fita, wani karatu, wani aikin hajji, wani fatauci. Kuna da abin da Park bai samu ba: allurar rigakafi, da gidan sauro, da sanin cewa a tafasa ruwan da ba a amince da shi ba, da ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Ku haɗa wannan da abin da shi ya sani, watau karɓar ƙwaryar mai gida da hannu biyu, da jin shawarar ɗan gari a kan lokacin tafiya. In kuwa kun dawo kun ɗauki alƙalami, ku rubuta sunan wanda ya ba ku ruwa.

Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.