Atamfar Ingila: Sunan Muke Saye Ko Yadin?

Idan aka buɗe akwatin lefe a unguwar nan, gwaggo ko inna ba ta fara duba zanen atamfa ba, sai ta juya bakin yadin tukuna ta ga rubutun da ke jiki. In an ce Holan ce ko Ingila, sai guɗa. In kuwa aka ji wani suna, to ango ya shiga bakin mata. Da yake sana'ata ke nan a kasuwar Jimeta, bari in ɗan yi magana a kan ita wannan Ingilar, don na lura da yawa cikin masu yabonta ba su san abin da suke yabo ba.

Yadin Turawan Ingila ba baƙo ba ne a Yola. Tun kafin su ci garin da yaƙi a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, jiragen Royal Niger Company suna hawo Binuwai idan ruwa ya cika, ɗauke da yadi da gishiri. Amma ita atamfa asalinta ba na Turawa ba ne. Rinin mutanen tsibirin Jawa ne na ƙasar Indunusiya, masu zana kaki a jikin yadi kafin su tsoma shi a baba. Mutanen Holan suka kwaikwaya da inji, wani ɗan kasuwa na Gilasgo mai suna Ebenezer Brown Fleming ya kai ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, a ƙarshen ƙarni na 19, ta karɓu. Ganin haka sai wata masaƙa a Newton Bank, cikin garin Hyde kusa da Mancesta, ta fara buga tata a 1908. Ita ce daga baya ta ɗauki sunan ABC, wato A. Brunnschweiler & Co. Wannan ita ce Ingilar da iyayenmu mata suka sani.

To me ya sa ta yi suna? Aiki ne, ba rubutun baki ba. Ana ɗora ƙaro a gaba da bayan farin yadi da mulmulallen jan ƙarfe mai zane, a tsoma a baba, inda ƙaron ya rufe baba ba ya kamawa. Wajen juya yadin ƙaron yakan tsattsage, shuɗi ya ratsa ta tsagar, shi ne jijiyoyin nan siraran da kuke gani kamar faso. Sannan a cire ƙaron, amma ba duka ba, a bar ɗigo-ɗigo, a zo a ɗora sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa launi yakan ɗan haura layin zane. Wanda bai sani ba sai ya ce kuskure ne, alhali nan kuɗin yake. Ka shimfiɗa yadi shida, ba za ka samu wuri biyu da faso ɗinsu ya zo iri ɗaya ba.

A ganina, Ingila ta fi Holan natsuwa. Holan, wato Vlisco da ke Helmond tun 1846, mai son a gan ta ce: launi mai ƙarfi, sabon zane kullum. Ingila kuwa shuɗinta mai duhu ne, ga ruwan ƙasa da ɗorawa marasa hayaniya, irin zanen da dattijuwa za ta ɗaura ta je suna ko gaisuwar mutuwa ba wanda zai ɗaga ido. Kuma tana jure wanki, wanda a zafin Yola, inda zane ba ya kwana biyu a jiki, ba ƙaramin abu ba ne. Aibinta shi ne ta cika kwanciya a kan tsofaffin zane, sai dai a sauya launi a sake fito da shi. Uwa ta ɗaura, 'ya ta zo ta tarar. Wasu sun ɗauki wannan daraja, ni kam wani lokaci ina ganin har da lalaci, kuma ta nan 'yan mata suka fara guje mata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A 1992 iyalan Cha, 'yan kasuwar Hongkong, suka sayi ABC. Su ne dai suka kafa UNTL a Kaduna a 1964, masaƙar da ta ciyar da dubban gidaje a Kakuri. Daga baya suka kwashe aikin buga atamfar zuwa masaƙarsu ta Akosombo a Gana, kuma a 2007 injinan Hyde suka tsaya. A shekarar nan dai UNTL ta rufe ƙofa. Ke nan sabuwar ABC ta gaskiya, ba jabu ba, ba a Ingila ake buga ta ba. Ban ce ba ta da kyau ba, tana da shi. Amma Hajiya, in kin rantse cewa daga Ingila jirgi ya ɗauko ta, sai ki shirya kaffara.

Wannan ma ta gaskiyar ke nan. Mafi yawan abin da ke shigo mana daga Kantin Kwari da sunan manyan atamfofi bugun Sin ne, an kwafi zanen, an kwafi rubutun baki, har fason an zana shi da inji. Ba laifi ba ne talaka ya sayi mai araha, ni ma ina sayar da ita, kuma ta rufa wa mutane da yawa asiri. Laifin shi ne a kira ta da sunan da ba nata ba a karɓi kuɗin waccan, wannan algus ne, mun kuma san hukuncinsa. Abin takaici, mu da kanmu muke tura yaranmu ga masu yin haka. Saurayi ya yi shekara yana tara kuɗin lefe, an ce masa dole a ga Ingila a akwati, ba shi da kuɗin ta gaske, sai ya je ya biya kuɗin tsaka-tsaki ya karɓo suna kawai. Wanki uku, zane ya koɗe, amarya ta fara gori.

Mai son ya gane, ya juya yadin: atamfar ƙaro gaba da baya kusan ɗaya suke, ta kwaikwayo bayanta yakan yi fari-fari. Ya bi fason da ido, in ya ga tsaga iri ɗaya tana dawowa a kowane taku, inji ne ya zana. Ya murza gefe tsakanin yatsu, in gari ya zubo ko yadin ya saki nan take, sitaci ne ya riƙe shi. Sannan ya tambayi mai shago ƙasar da aka buga ta, ya kuma sa ya rubuta amsar a jikin rasit.