BABI NA UKU: JIGON NOMA DA MALLAKA A WASAN JOKUMARASWAMY NA CHANDRASHEKHARA KAMBARA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo taƙaitaccen tarihin Chandrashekhara Kambara da ayyukansa, sannan a yi nazarin fitaccen wasansa mai suna Jokumaraswamy. Kambara yana rubutu ne da Kannada, wato harshen jihar Karnataka da ke kudancin Indiya, wanda ƙidayar 2011 ta nuna yana da masu magana fiye da miliyan 43. Harshen ba dangin Hindi ba ne, wanda Hausawa suka saba ji a finafinan Indiya, ɗaya ne daga harsunan Dirabidiya. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, binciken da marubucin ya yi a kan wasannin gargajiya shi ya ba wasan ƙarfin isar da saƙonsa game da haƙƙin manomi, kuma wannan tubali ne ya jawo masa babban rauninsa dangane da matsayin mace.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Marubuci

An haifi Kambara ranar 2 ga Janairu, 1937 a ƙauyen Ghodageri cikin gundumar Belgaum. Gidansu gidan maƙera ne, ma'anar sunan Kambara ma ke nan a harshensu. Ya tashi yana kallon bayalata, wato wasannin fili da mutanen karkara ke kwana suna yi da kiɗa da waƙa da rawa. Ya yi karatu a Gokak da Belgaum, ya wuce Jami'ar Karnatak da ke Dharwad, inda daga baya ya sami digirin digirgir da bincike a kan wasannin gargajiya na arewacin Karnataka.

Ya ɗan koyar a Jami'ar Shikago ta Amurka, ya dawo gida ya shafe fiye da shekara 20 yana koyarwa a Jami'ar Bangalore. Shi ne shugaba na farko na Jami'ar Kannada da ke Hampi, wadda aka kafa a 1991. Ya shugabanci hukumar Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Ƙasa daga 1996 zuwa 2000, ya kuma riƙe shugabancin Sahitya Akademi, wato hukumar adabi ta Indiya, daga 2018 zuwa 2023. An ba shi kyautar Jnanpith ta shekarar 2010, wadda ita ce mafi girma a adabin ƙasar, ya zama marubucin Kannada na takwas da ya same ta.

3.2 Ayyukansa

Kambara ya rubuta waƙoƙi da ƙagaggun labarai da littattafan bincike, har ya shirya finafinai, amma an fi saninsa da wasan kwaikwayo. Daga cikin wasanninsa akwai Rishyashringa da Jokumaraswamy da Sirisampige da Mahamayi. Sirisampige ne ya jawo masa kyautar Sahitya Akademi a 1991. Da yawa daga ayyukansa an gina su a Shivapura, wani ƙagaggen ƙauye da ya mayar madubin karkarar da ya fito.

Kafin zamaninsa, wasan zamani na Kannada ya fi bin tsarin Turawa, inda marubuta irin su T. P. Kailasam da Sriranga suka yi amfani da zance wajen sukar halayen al'umma. A farkon shekarun 1970 ne wasu suka juya ga wasannin gargajiya, kamar yadda Girish Karnad ya yi a Hayavadana a 1971. Abin da ya bambanta Kambara shi ne, a cikin waɗannan wasanni ya girma, kuma su ya nazarta a jami'a. Saboda haka ya san aikin da kowace waƙa da kowace al'ada ke yi a wurin masu ita.

3.3 Taƙaitaccen Labarin Wasan

An buga Jokumaraswamy a 1972, kuma a wannan shekara B. V. Karanth ya gabatar da shi a dandamali a Bangalore, inda Girish Karnad ya fito a matsayin Gowda. Sunan wasan na wani abin bauta ne na manoman arewacin Karnataka, wanda suke dangantawa da ruwan sama da haihuwa. A lokacin bikinsa, mata kan sa gunkinsa a kwando da ganyen darbejiya su bi gida-gida suna waƙa. Almararsa ta ce kwana bakwai kawai ya yi a duniya yana jan hankalin matan mutane, mazajen suka kashe shi, ƙasar da jininsa ya zuba kuwa ta yi kore.

Gowda shi ne mai gari kuma mai gonaki. Ya dogara da bindiga da barori, yana kurarin cewa duk gona da duk macen da ke garin tasa ce, alhali ya gaza a matsayinsa na miji. Matarsa Gowdathi ta daɗe tana neman haihuwa. Ranar bikin sai ta samo wani dogon kayan lambu dangin kabewa wanda aka ƙawata a matsayin Jokumaraswamy, ta dafa domin mijin ya ci, bisa camfin cewa hakan na kawo ɗa. Abincin bai isa ga Gowda ba. Basanna ne ya cinye shi, wato manomin da ke jayayya da Gowda a kan gonar da mahaifinsa ya noma, wadda Gowda ke cewa bashi ya cinye ta. Gowdathi ta bi sawun abincin zuwa bukkar gona tana zaton mijinta ke ciki, ta tarar da Basanna. Soyayya ta ƙullu, ta sami ciki. Da Gowda ya gane, sai ya sa barorinsa suka kashe Basanna.

3.4 Jigo

Babban jigon wasan shi ne, gona ta mai nomanta ce. Marubucin bai sa wani tauraro ya tsaya yana wa'azi a kan wannan ba. Ya jera abubuwa biyu ne, gona da aure, ya nuna Gowda ya mallaki kowanne da suna, amma ba ya iya sa ko ɗaya ya ba da amfani. Basanna kuwa ba shi da takardar gona, ba shi da igiyar aure, amma a hannunsa aka sami yabanya, ta wurinsa kuma aka sami ciki. Mai kallo da kansa zai yanke hukuncin wanda ya cancanta.

Wannan jigo ya dace da lokacinsa. A 1972 ne Devaraj Urs ya zama babban ministan jihar, kuma a 1974 gwamnatinsa ta gyara dokar filaye ta yadda masu noman haya za su nemi mallakar gonakin da suke nomawa. Ke nan wasan ya riga dokar da shekara biyu, a daidai lokacin da ake ta muhawara a kan batun.

Daga cikin ƙananan jigogi akwai tsoro. Ikon Gowda duk a kan bindiga ya rataya, barorinsa suna kambama ta kamar abin bauta. An kuma baza jita-jitar cewa gonar da ake rikici a kai tana da aljanu. Da zarar an sami mutum ɗaya da bai ji tsoro ba, sai aka ga ashe ikon fanko ne.

3.5 Zubi da Tsari

A nan ne ilimin marubucin ya fi fitowa. An buɗe wasan da Sutradhara, wato jagoran wasa, tare da Himmela, mai amshi da barkwanci, kamar yadda ake yi a bayalata. Su suka fara ba da almarar Jokumaraswamy kafin a shiga labarin Gowda. Amfanin wannan tsari shi ne, tun daga farko mai kallo ya san ƙarshen duk wanda ya ɗauki halin wannan abin bauta. Don haka da Basanna ya ci abincin, an riga an san za a kashe shi. Hankalin mai kallo sai ya bar tambayar me zai faru, ya koma kan dalilin faruwarsa.

Haka kuma tsarin ya sauya ma'anar mutuwar. Da labarin zube ne kurum, da an ce azzalumi ya yi nasara. Amma da yake an ɗaura shi a kan almara, jinin Basanna ya zama kamar irin shuka, ga kuma ɗansa a cikin matar mai gari. Gowda ya kashe mutumin, amma magajin gidansa jinin manomi ne.

3.6 Salo

An rubuta wasan da karin harshen arewacin Karnataka, wanda ya sha bamban da daidaitaccen Kannada na littattafai. Maganar taurarin cike take da habaici da zambo da batsa irin ta karkara. Waƙoƙin kuwa ba don ado aka sa su ba, domin su ke ɗaukar labari daga fitowa zuwa fitowa, su ke kuma bayyana abin da Gowdathi ba ta iya furtawa a gaban mutane. An yi amfani da alamci ta hanyar gwama bindiga da kayan lambun nan. Dukkansu alamar mazakuta ne, sai dai ɗaya kisa take yi, ɗayan kuma haihuwa yake kawowa.

3.7 Raunin Wasan

Duk da wannan nasara, akwai abin dubawa. Idan an daidaita mace da gona, to an mai da ita abin mallaka ke nan. Wasan ya tambayi wanda ya cancanci Gowdathi tsakanin maza biyu, bai tambaya ba ko ita abar mallaka ce tun asali. Ana iya kare marubucin da cewa ita ta nemo kayan lambun, ita ta fita da dare zuwa gona, ita ta zaɓi ta tsaya da Basanna. Wannan gaskiya ne, kuma ya sa ta fi sauran taurarin rai. To amma duk wannan ƙoƙari nata a kan neman ɗa ya tsaya, darajarta a wasan kuwa da haihuwa aka auna ta, kamar yadda ake auna gona da amfaninta.

Rauni na biyu ya shafi hujjar kanta. Haƙƙin manomi a kan gona daga guminsa yake, amma wasan ya haɗa shi da ƙarfin mazakuta. Idan aka bi wannan ma'auni, da Gowda lafiyayye ne mai 'ya'ya, da hujjar ta yi sanyi, alhali zaluncinsa yana nan yadda yake. Haka nan tsohon manomi ko gwauruwa mai noman haya ba su da gurbi a wannan hoto. Bugu da ƙari, Basanna shi kaɗai ya yi tawaye, ba a ga manoma sun haɗa kai ba, sai almara ce ta yi alkawarin cewa jininsa zai yi tsiro.

Ba a wannan wasa kaɗai aka ga haka ba. A Sirisampige ma akwai matar da miji ya yi watsi da ita, ta haihu ta wata hanya. Wannan ya nuna cewa tunanin yana da tushe a almarun haihuwa da marubucin ya ɗebo, waɗanda suka zo masa da ƙarfinsu tare da son zuciyarsu.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda tarbiyyar Kambara da bincikensa suka haɗu a Jokumaraswamy. An nuna cewa almara da tsarin bayalata su suka ba shi damar kai ƙarar manomi gaban jama'a da harshen da manomin ke ji. An kuma nuna cewa daidaita mace da gona ya rage wa hujjar ƙarfi, domin an ƙwato wa manomi haƙƙinsa, an bar matar a matsayin abin da ake jayayya a kai. Saboda haka wajibi ne mai nazarin wasan ya riƙe ɓangarorin biyu tare, domin tushensu ɗaya ne.