2.3 Tsokaci Kan Aikin Holmberg da Abokan Aikinsa (1984)

Waɗannan masana sun bi diddigin mutum 18 a Amurka da suka kamu da salmonella mai bijire wa amfisilin da tetirasaikilin. Sun gano filasmid iri ɗaya a ƙwayoyin cutar, wato ɗan zoben gado da bakteriya ke miƙa wa juna. Da wannan hujja suka danganta cutar da naman wasu shanun Dakota ta Kudu da ake zuba wa magani cikin abinci.

Aikin ya yi armashi, sai dai ba ya rasa rauni. Na farko, ba a naman da ake zargi aka samu ƙwayar ba, a jikin wani maraƙi na maƙwabciyar gona aka same ta. Na biyu, an gano daga baya cewa bijirewar nau'in DT104 a kan kuromosom take, don haka bin filasmid kaɗai bai wadatar ba. Na uku, makiyayan kewayen Shika galibi allura suke saye su yi wa shanu da kansu, ba cikin abinci suke ba da magani ba. Saboda haka ba za a ɗora sakamakon kan garkunanmu kai tsaye ba. Wannan giɓi ne binciken nan zai yi ƙoƙarin cikewa.