Kokowa ba ta ci da gida, sai ga mutum ƙalilan

Samarin Sassumbrum da na ƙauyukan Magariya da Dungas sun fara kallon kokowa da wani ido dabam. Da, wasan kaka ce: an yi girbin gero, an cire gyaɗa, ciki ya cika, sai makaɗa su fito, gari ya gayyaci gari. Wanda ya yi kaye ya samu kirari da ɗan kari, ya koma gida. Yanzu yaro na kallon gasar takobi a talabijin da wayar salula, yana jin ana kiran miliyoyin sefa, sai ya ce ya samu sana'a, gona kuma sai wani.

Ba na ƙin a biya ɗan kokowa. Jikinsa yake sa wa a wahala, jama'a suna jin daɗi, 'yan siyasa da 'yan kasuwa suna samun suna a filin. Haƙƙinsa ne. Amma a duba lissafin. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, takobi ɗaya ake bayarwa a kowace gasa. Kowace jaha mutum 10 take kaiwa, jahohi 8, mutum 80 ke nan a Nijar duka. Kafin ɗan Sassumbrum ya shiga goman Damagaram, sai ya kada na Mirya da Matamai da Tanut da Gure. Ana tuna Kantu na Maraɗi da Salma Ɗan Rani na Doso, filin kokowar Damagaram ma sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, Isaka Isaka kuwa ya ɗauki takobi sau da yawa. To su nawa ne? Sauran ɗaruruwan da gwiwa ta lalace ko kafaɗa ta goce, ba wanda ke yi musu kiɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuɗi ke canza wasan kansa. Wanda abincin iyalinsa ya rataya ga kaye ba zai shiga fili da sakin jiki ba. Zai riƙa jan lokaci, yana tsoron faɗuwa, yana kwashe ɗan abin da ya samu wajen malamai da bokaye. Wani ma ba ya cire riga a dandalin garinsu sai ya ji nawa aka sa. Daɗin da ya kawo shi tun yana yaro ya tafi, kuɗin ma bai zo ba.

Ƙarfin kokowa shekaru kaɗan ne, riɗi da wake kuwa duk damina ana shuka su, kasuwannin kan iyaka suna saye. Yara, ku yi kokowa, ku karɓi abin da aka ba ku, ku sayi akuya ko keken ɗinki da shi. Iyaye da magajin gari, duk wanda kuka ga yana da kaye, ku tallafa masa ya je zaɓen jaha, amma ku tabbatar ya noma gonarsa tukuna.